Yadda Ake Bin Diddigin Yaɗuwar Annoba da Kwatanta Yankuna ta Hanyar Alƙaluman Hukumomin Lafiya

Ɗalibai masu rubuta kundin kammala karatu, da 'yan jarida, da jami'an lafiya na ƙananan hukumomi suna yawan maimaita tambaya ɗaya: idan ga alƙaluman annoba na jihohi biyu ko ƙasashe biyu a gabana, ta yaya zan gane inda cutar ta fi ƙamari, da inda take ƙara gudu? Ga yadda ake yin aikin daki-daki. Zan yi amfani da cutar korona a matsayin misali, domin ita ce annobar da aka fi tara wa alƙaluma, kuma har yanzu suna nan a intanet kyauta. Matakan dai su ne za ka bi idan kwalara ce, ko mashaƙo, ko sanƙarau, ko zazzaɓin Lassa.

Ka riƙe abu ɗaya tun daga nan, don shi ne zai yi ta dawowa a kusan kowane mataki. Lambar da hukuma take fitarwa adadin mutanen da aka gwada ne, aka same su da cutar, kuma rahotonsu ya isa ofis. Waɗanda suka kamu suka warke a gida, ko suka rasu aka binne su ba a gwada ba, ba sa ciki.

Kayan aiki da abin da za ka kashe

Kwamfuta ta fi, ko da tsohuwa ce. Ana iya yi da waya, amma jan dabarar lissafi (formula) a kan layuka ɗari uku da ɗan yatsa wahala ce. Manhajar lissafi kuwa, Excel idan kana da ita, in babu Google Sheets da LibreOffice Calc kyauta ne, kuma LibreOffice ba ta buƙatar intanet bayan ka sauke ta. Idan rahotannin da za ka yi aiki da su PDF ne, akwai wata manhaja kyauta mai suna Tabula da take zaro jadawali daga ciki. Don zane mai kyau da za a wallafa, Datawrapper tana da tsarin kyauta, ko da yake zanen Excel ma ya isa.

Alƙaluman kansu ba a sayar da su. Abin da za ka kashe shi ne kuɗin data, da caji, da lokaci. Kwatanta ƙasashe uku ko huɗu aikin wuni ɗaya ne. Kwatanta jihohin Najeriya zai ci kwanaki, saboda sai ka tattaro daga rahotanni ɗaya bayan ɗaya.

1. Tsayar da tambayarka kafin ka sauke komai

Rubuta a takarda: wace cuta, waɗanne yankuna, daga wace rana zuwa wace rana, kuma me kake son sani. “Ina aka fi kamuwa?” daban take da “ina aka fi mutuwa?”, kuma dukansu daban suke da “ina take ƙaruwa da sauri a wannan makon?”. Kowace tana da lissafinta.

Kada yankunan su wuce biyar ko shida a karon farko. Kuma ka kwatanta jiha da jiha, ƙasa da ƙasa. Wanda ya jera birnin Yamai da jihar Kano baki ɗayanta, da ƙananan hukumominta 44 da ƙauyukansu, ya haɗa abin da bai haɗu ba.

2. Samo alƙaluma daga tushe

Na ƙasashe: shafin korona na Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, yana da fayil da ake saukewa. Cibiyar Our World in Data, mai tattara alƙaluman duniya a intanet, ta tsara alƙaluman da kyau, har da lissafin kowane mutum miliyan ɗaya. Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka ta tara na kullum daga Janairun 2020, ta daina a ranar 10 ga Maris 2023, amma rumbun nata yana nan a shafin ajiyar fayiloli na GitHub.

Na jihohin Najeriya: hukumar daƙile yaɗuwar cututtuka ta NCDC, a ncdc.gov.ng. Can za ka samu rahotannin halin da ake ciki na kowace cuta, da rahoton mako-mako. Na yankunan Nijar, Ma'aikatar Lafiya ta ƙasar ce tushe. Na Gana kuwa, hukumar Ghana Health Service. Idan shafin da kake nema ya ɓace ko an canza shi, sa adireshinsa a Wayback Machine, rumbun da ke adana tsofaffin shafukan intanet, sau da yawa za ka tarar an adana yadda yake a ranar da kake so.

Gargaɗi: kada ka ɗauko Legas daga NCDC ka ɗauko Kano daga sanarwar gwamnatin jiha ko daga labarin jarida. A lokacin korona an sha samun saɓani tsakanin lambar jiha da ta tarayya a rana ɗaya, saboda kowa da lokacin da yake rufe lissafinsa. Tushe ɗaya ga duk yankunan da kake kwatantawa.

Gargaɗi na biyu, kan data: cikakken fayil ɗin Our World in Data gomman megabayit ne, layukansa dubban ɗaruruwa, kuma ya fi ƙarfin Google Sheets. Zaɓi ƙasashen da kake so a kan shafin, sannan ka sauke nasu kaɗai.

Da zarar fayil ya sauka, sa masa ranar da ka sauke shi a cikin sunansa, ka ajiye kwafi ɗaya da ba za ka taɓa ba. Hukumomi suna komawa baya su gyara alƙaluma, kuma wata rana za a tambaye ka daga ina lambarka ta fito.

3. Shirya jadawali ka tsabtace shi

Tsari mafi sauƙi shi ne kowane layin kwance ya zama yanki ɗaya a rana ɗaya. Layukan tsaye kuma su ɗauki: kwanan wata, yanki, jimillar waɗanda suka kamu, jimillar waɗanda suka rasu, yawan gwaji, yawan jama'a. Ka bar layi ɗaya a ƙarshe na bayani, inda za ka riƙa rubuta duk wani abin da ya faru a ranar.

A nan ne yawancin aiki yake lalacewa ba tare da mai shi ya sani ba.

Kwanan wata. Fayil ɗin Johns Hopkins tsarin Amurka yake bi, wata ne a gaba sannan rana. 3/4/21 a wurinsu 4 ga Maris ne, mu kuma a wurinmu 3 ga Afrilu. Excel tana iya juya wasu ta bar wasu. Mayar da duka zuwa shekara, wata, rana, kamar 2021-03-04, ka duba layuka goma da idonka.

Rubutun lamba. Rahotannin Nijar da Chadi da sauran ƙasashen da ke aiki da Faransanci suna sa waƙafi a inda mu muke sa ɗigo, kuma suna raba dubbai da fili. 2,5 a wurinsu biyu da rabi ne. Idan kwamfutarka da Faransanci take, dabarun ma sunansu ya canza: inda na rubuta AVERAGE kai MOYENNE za ka rubuta.

Sunayen yankuna. Idan rahoto ɗaya ya rubuta FCT wani ya rubuta Abuja, manhaja za ta ɗauke su wurare biyu ne.

Sifili da shiru. Jihar da ta ce yau ba ta samu kowa ba, da jihar da ba ta aiko da rahoto ba sam, ba ɗaya ba ne. Ta farko ka rubuta mata 0, ta biyu ka bar gurbin fayau. Idan ka cike gurbi da sifili, ka ƙirƙiro sauƙin da babu shi.

Sai kuma tsarin fayil. Ajiye aikinka a XLSX ko CSV, kada ka yi amfani da tsohon tsarin XLS, wanda ba ya ɗaukar fiye da layuka 65,536. Wannan ba ƙaramar magana ba ce. A Ingila, tsakanin 25 ga Satumba da 2 ga Oktoban 2020, kusan mutum 16,000 da gwaji ya nuna suna da korona sun faɗi daga lissafin hukuma saboda wannan iyakar, kuma ba a bi sawun waɗanda suka yi mu'amala da su a kan lokaci ba.

4. Mayar da jimilla zuwa sababbin kamuwa, sannan ka daidaita

Jimilla ba ta sauka, kullum hawa take yi, don haka ba za ta gaya maka ko annoba tana lafawa ba. Abin da kake buƙata shi ne sababbin kamuwa na kowace rana: jimillar yau a cire ta jiya. Idan jimilla tana layin C, dabarar ita ce =C3-C2, ka rubuta ta a sabon layin tsaye, H, sai ka ja ta zuwa ƙasa. Ka kula da inda yanki ɗaya ya ƙare wani ya fara, kada ka cire jimillar Kano daga ta Katsina.

Za ka ga lambobin suna tsalle-tsalle. Ƙarshen mako suna faɗuwa domin ɗakunan gwaji da ofisoshi ba sa cikakken aiki, ranar Litinin ko Talata su tashi. Haka bayan hutun Sallah ko Kirsimeti. Maganinsa matsakaicin kwana bakwai: =AVERAGE(H3:H9), a sa shi a layin rana ta bakwai, a ja ƙasa. Bakwai ake ɗauka domin kowane lissafi ya ƙunshi Asabar ɗaya da Lahadi ɗaya.

Gargaɗi: idan ka ga rana ɗaya ta yi tsiri sama da na kusa da ita, kada ka yi saurin cewa annoba ta ɓarke. Koma ka karanta rahoton ranar. NCDC ta sha rubutawa a ƙasan sanarwarta cewa lambar wata jiha ta haɗa da ragowar kwanakin baya da ba a kawo ba. Wani lokaci kuma ma'anar “wanda ya kamu” ce aka canza. A tsakiyar Fabrairun 2020 lardin Hubei na ƙasar Sin ya fara ƙirga waɗanda likita ya tabbatar ta alamomi da hoton huhu ba tare da gwajin ɗakin gwaji ba, sai ga kusan mutum 15,000 a rana guda. Idan kuma ka ga lamba mai alamar cirewa, hukuma ce ta gyara jimillarta. Rubuta hakan a layin bayani, kada ka goge a ɓoye.

Idan rahotanninka na mako-mako ne, kamar na Lassa da kwalara, ba ka buƙatar wannan matsakaicin. Sai dai ka tabbatar makonnin sun yi daidai: makon NCDC daga Litinin yake farawa, na hukumar CDC ta Amurka daga Lahadi. Kuma ka duba ko lambar ta waɗanda ake zargi ce ko ta waɗanda aka tabbatar. A kwalara mafi yawan lambar da ake fitarwa ta waɗanda ake zargi ce, domin ba kowa ake gwadawa ba.

5. Raba da yawan jama'a

Dabarar: yawan waɗanda suka kamu, a raba da yawan jama'ar yankin, a ninka da 100,000. A Excel, idan jimillar waɗanda suka kamu tana layin C, yawan jama'a kuma yana layin F, =C2/F2*100000.

Dubi yadda wannan yake juya labari. Najeriya ta ƙirga kusan mutum 266,000 a tsawon annobar, Gana kusan 171,000. Mai kallon jimilla zai ce Najeriya ce a gaba. Amma Najeriya tana da mutane wajen miliyan 210 a lokacin, Gana kuma miliyan 30.8 bisa ƙidayarta ta 2021. Idan ka yi lissafin, Najeriya ba ta kai 130 cikin kowane mutum 100,000 ba, Gana kuwa ta haura 500. Nijar, da ba ta ƙirga mutum 10,000 ba cikin jama'a wajen miliyan 25, tana ƙasa da 40.

Matsalar jihohin Najeriya ita ce lambar da za ka raba da ita. Ƙidayar ƙarshe ta 2006 ce, wadda ta ba Kano miliyan 9.4, Legas miliyan 9.1, kuma gwamnatin Legas ba ta yarda da tata ba tun a lokacin. Duk abin da ya biyo baya hasashe ne. Yi amfani da hasashen hukumar ƙidaya ta ƙasa ko na hukumar ƙididdiga ta NBS, na shekara ɗaya ga dukkan jihohin, ka kuma faɗi wanda ka ɗauka. Abin da ba a yi shi ne ɗaukar ƙiyasin gwamnatin jiha ga wannan, a ɗauki na tarayya ga waccan. A Nijar ƙidayar 2012 ce tushe, kuma cibiyar ƙididdiga ta INS tana fitar da hasashen kowane yanki.

6. Duba gwaji, nan ne kan aikin

Da lissafin da ya gabata kaɗai, za ka ce Nijar ta fi Gana tsira sau goma da wani abu. Kafin ka rubuta haka, tambayi mutum nawa kowacce ta gwada. Alƙaluman yankuna biyu da ba su yi gwaji iri ɗaya ba tamkar hatsi ne da aka auna da mudu daban-daban: kowa zai faɗi nasa adadin, kuma babu wanda ya yi ƙarya, amma ba za ka san buhun da ya fi cika ba.

Misali mafi bayyana shi ne jihar Kogi. Tun daga farkon annobar har ƙarshenta, mutum 5 kacal ne a jadawalin NCDC, alhali tana maƙwabtaka da Abuja inda aka ƙirga dubun-dubatar mutane. Gwamnatin jihar ta lokacin ta yi ta musanta cewa akwai cutar a can, kuma ta yi takun-saƙa da NCDC kan gwaji. Tanzaniya ma ta tsaya a kan mutum 509 daga farkon Mayun 2020, zamanin Shugaba John Magufuli, ta shafe fiye da shekara ba ta fitar da sabuwar lamba ba. Yanki irin wannan cire shi ake yi daga kwatance, a rubuta dalili. Wanda ya sa shi a zane a matsayin “mafi ƙarancin kamuwa” ya yaudari mai karatu.

Lissafi biyu za ka yi. Na farko, yawan gwaji cikin kowane mutum 100,000, da dabara irin ta mataki na 5. Na biyu, kason gwajin da ya nuna akwai cutar: waɗanda aka samu da ita a mako, a raba da gwajin da aka yi a makon, a ninka da 100. A watan Mayun 2020 WHO ta ba da ma'auni cewa idan wannan kason ya zauna ƙasa da kashi 5 cikin ɗari na tsawon mako biyu, alama ce ana riƙe da annobar. Idan ya kai kashi 20 ko 30, marasa lafiya sosai kaɗai ake gwadawa, kuma da yawa suna wucewa ba a gani.

Karanta su biyun tare. Kamuwa ta ƙaru, gwaji ya ƙaru, kaso bai motsa ba ko ya sauka: ƙila ido ne ya ƙara buɗewa. Kamuwa ta ƙaru, kaso ma ya hau: yaɗuwa ce ta gaske. Kamuwa ta ragu, gwaji ma ya ragu: ba ka san komai ba tukuna. Na ƙarshen nan ya faru a Kano a Afrilun 2020. An samu mutum na farko ranar 11 ga watan, bayan kwanaki kaɗan cibiyar gwajin da ke jihar ta dakatar da aiki na wasu kwanaki. Lambobin waɗannan kwanakin sun kwanta, a daidai lokacin da maƙabartun birnin suke cika.

Ka kuma tambayi wa ake gwadawa, kuma a ina. Legas ta ƙirga sama da 100,000, Kano kaɗan sama da 5,000. Gaskiya ne cutar ta Legas ta shigo, ranar 27 ga Fabrairun 2020, kuma birnin yana da cunkoso da zirga-zirgar jiragen sama. Amma Legas da Abuja su ne suka fi ɗakunan gwaji masu zaman kansu, kuma a lokacin duk mai fita waje dole ne ya yi gwaji ko lafiyarsa ƙalau. Wani ɓangare na tazarar nan tazarar gwaji ce. Sannan ana rubuta mutum ne a inda aka gwada shi. Lokacin da gwamnonin Arewa suka riƙa mayar da almajirai jihohinsu a Afrilu da Mayun 2020, Kaduna da Jigawa sun samu masu ɗauke da cutar cikin yaran da aka kawo musu daga Kano. A jadawali sun shiga lissafin Kaduna da Jigawa, alhali ba a can suka kamu ba.

Idan akwai binciken jini da aka yi a yankunanka, nemo shi, ya fi komai daraja. Irin wannan bincike yana ɗibar jinin mutane gida-gida, masu lafiya da marasa lafiya, a duba alamar cewa jiki ya taɓa haɗuwa da cutar. Wanda NCDC da abokan aikinta suka yi a Satumba da Oktoban 2020 ya samu kashi 23 cikin ɗari a Legas da Enugu, 19 a Nasarawa, 9 a Gombe. Ko da tsohuwar ƙidayar 2006 ka yi lissafi, kashi 23 na Legas ya haura mutum miliyan 2, a lokacin da jimillar ƙasar baki ɗaya take wajen 60,000. Ka kuma lura Enugu ta yi kunnen doki da Legas, abin da jadawalin kullum bai taɓa nunawa ba.

Gargaɗi: wasu ƙasashe yawan gwaje-gwaje suke ƙirgawa, wasu yawan mutanen da aka gwada. Mutum ɗaya yana iya yin gwaji sau huɗu. Karanta bayanin da ke tare da fayil. Kuma Our World in Data ta daina sabunta alƙaluman gwaji a Yunin 2022, don haka bayan nan sai ka koma ga hukumar kowace ƙasa.

7. Auna saurin yaɗuwa

Haɗa sababbin kamuwa na wannan mako, ka raba da na makon jiya. Sama da 1, tana ƙaruwa. Ƙasa da 1, tana raguwa. Wannan lissafin yana da wata fa'ida: matuƙar yanki bai canza yadda yake gwaji ba tsakanin makonnin biyu, ƙarancin gwajinsa ba ya ɓata sakamakon sosai. Saboda haka za ka iya kwatanta saurin Kano da na Legas ko da ba za ka iya kwatanta yawansu ba. A ganina wannan ne kwatancen da ya fi aminci a ƙasashenmu.

Don sanin kwana nawa take ɗauka ta ninka: =7*LN(2)/LN(na wannan mako/na makon jiya). A ce makon jiya 200 ne, wannan makon 300, amsar za ta fito kwana 12.

Gargaɗi: ƙananan lambobi suna ruɗarwa. Ƙaramar hukumar da ta tashi daga mutum 2 zuwa 6 ta ninka sau uku a lissafi, amma ƙila gida ɗaya ne. Idan lambobin mako ba su kai gommai ba, haɗa mako biyu ko wata guda.

Idan farkon annoba kake kwatantawa, kada ka jera yankuna bisa kalanda, domin ba rana ɗaya ta shiga ba. Gana ta samu nata na farko ranar 12 ga Maris 2020, Nijar ranar 19. Ba kowane yanki “rana ta 1” daga ranar da jimillarsa ta kai 100, ka jera daga nan. Zagayen baya kuwa, kamar na nau'in korona na Delta a tsakiyar 2021 ko na nau'in Omicron a Disambar shekarar, kalanda ce ta dace, don kana son ganin wa ya riga wa.

8. Mace-mace

Yi lissafin cikin kowane mutum miliyan ɗaya, da matsakaicin kwana bakwai kamar na baya. Mutuwa tana biyo bayan kamuwa da mako biyu zuwa uku, don haka idan kamuwa ta tashi yau mutuwa ba ta motsa ba, jira.

Mutane suna son raba waɗanda suka rasu da waɗanda suka kamu su ce ga “haɗarin cutar” a yanki. Wannan lambar gwaji ne yake juya ta. Inda ake gwada na kwance a asibiti kaɗai za ta fito babba, inda ake gwada matafiya masu lafiya za ta fito ƙarama. Shekaru ma suna da tasiri: korona tsofaffi ta fi kashewa, kuma rabin mutanen Nijar ba su wuce shekara 15 ko 16 ba, yayin da rabin na Italiya sun haura 45. Idan tushenka ya raba alƙaluma bisa shekaru, kwatanta 'yan sama da 60 da 'yan sama da 60.

Babbar matsalar dai ita ce mutuwar da ba a rubuta ba. A Arewa mutum yana rasuwa da safe a gida, kafin La'asar an kai shi makwancinsa, babu gwaji babu takarda. Bayan mace-macen Kano na Afrilun 2020, tawagar gwamnatin tarayya ta bi ta hanyar tambayar iyalai da masu aikin maƙabarta. A watan Yuni Ministan Lafiya Osagie Ehanire ya ce an ƙirga mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari ƙila korona ce sanadinsu. Jadawalin NCDC na Kano, na tsawon annobar gaba ɗaya, bai kai mutum 200 ba. Duk wanda zai kwatanta mutuwar Kano da ta wata jiha dole ne ya ajiye waɗannan lambobi biyu gefe da gefe.

Ma'aunin da masana suka fi yarda da shi shi ne rarar mace-mace: mutum nawa suka rasu a wannan lokacin, ko mene ne sanadi, fiye da yadda aka saba a shekarun baya. Da shi WHO ta ƙiyasta mutum miliyan 14.9 a 2020 da 2021, alhali ƙasashe sun kai rahoton miliyan 5.4. Afirka ta Kudu, da take da rajistar mutuwa mai ƙarfi, ta ƙirga kusan 100,000 a hukumance, rararta kuwa ta kai wajen 300,000. Peru ta sake bin takardunta a ƙarshen Mayun 2021, lambarta ta tashi daga kusan 69,000 zuwa sama da 180,000 a dare ɗaya.

Gargaɗi: wannan lissafin yana buƙatar rajistar mutuwa ta shekarun baya. A Najeriya da Nijar mafi yawan mace-mace ba a yi musu rajista, don haka lambar rarar da za ka gani a kansu a shafukan duniya hasashen kwamfuta ce da aka gina kan alƙaluman wasu ƙasashe. Kana iya kawo ta, amma ka kira ta da sunanta. Idan aikinka na gari ɗaya ne, littafin maƙabarta, inda ake ajiye shi, da rajistar manyan asibitoci sun fi kusa da gaskiya. Neman su yana buƙatar izini a rubuce, kuma lambobi kaɗai za ka ɗauka, ban da sunan kowa.

9. Zana, ka rubuta abin da zanen bai faɗa ba

Zanen layi, kwanaki a kwance, matsakaicin kwana bakwai cikin mutum 100,000 a tsaye, kowane yanki da launinsa. Idan wani yanki ya yi wa sauran nisa har layukansu sun kwanta a ƙasa, juya ma'aunin tsaye zuwa na ninki, wanda yake tafiya 1, 10, 100, 1,000. A Excel danna kan lambobin gefen zanen za ka ga zaɓin. A irin wannan zane gangaren layi shi ne saurin yaɗuwa, amma ka faɗa a ƙasa cewa shi ka yi amfani da shi, don mai karatu da bai saba ba zai ɗauka tazarar kaɗan ce.

Idan zane daban-daban za ka yi wa kowane yanki, sa ma'aunin tsaye ya zama ɗaya a dukansu, domin manhaja tana zaɓar wa kowanne nasa. Taswira kuwa, da lissafin cikin 100,000 ake shafa mata launi. Wadda aka shafa da jimilla yawan jama'a kawai take nunawa.

Kwanaki uku zuwa biyar na ƙarshe ka yanke su ko ka yi musu ɗigo-ɗigo, saboda rahotanninsu ba su gama isowa ba, kuma kusan kullum suna nuna saukar da babu ita.

A ƙasan kowane zane rubuta tushen alƙaluma da ranar da ka sauke su, yawan jama'ar da ka raba da shi da shekararsa, ko lambar ta waɗanda aka tabbatar ce ko ta waɗanda ake zargi, da yankunan da ka cire da dalilin cirewa. Zanen kason gwaji ya zauna kusa da na kamuwa, a shafi ɗaya. Idan annobar tana ci gaba kana sabuntawa duk mako, sake sauke fayil ɗin gaba ɗaya maimakon ƙara sababbin kwanaki a ƙasan tsohon, sannan ka gwama jimillar makon jiya a sabon fayil da wadda ke cikin kwafin da ka ajiye. Idan sun bambanta, hukuma ta yi gyara a baya, sai ka sake jan dabarunka tun daga ranar da gyaran ya fara.